Yadda Na Ba Gwaggo Tauraro Ɗaya

A unguwarmu Na-Sani ake ce mini, kuma ba don ƙiyayya ba. Ni dai mutum ne wanda ba a gama yi masa bayani. Ka fara nuna mini yadda ake gyaran famfo, kafin ka kai rabi na ce "na sani", na karɓe sifana na tura ka gefe. In daga baya ruwa ya cika ɗakin, wannan kuma laifin famfon ne. Matata ta rantse ranar da aka zo yi mini albishir ta sauka ma "na sani" na ce, alhali ni ne na aika a sayo mata maganin kumburin ciki.

Abin nawa ya ƙaru ne shekarar da na sayi kyamara da wata tsohuwar kwamfuta a hannun wani da zai tashi daga gari. Na duƙufa kallon bidiyon koyon hoto a waya har idona ya yi ja. Kowane bidiyo in na kai tsakiyarsa sai in gyaɗa kai in wuce na gaba, don me zan ɓata lokaci a kan abin da na riga na gane?

A cikin kwamfutar akwai manhajar gyaran hoto, kuma abin da ya fi tafiya da ni a cikinta shi ne taurari da tutoci. Kowane hoto kana iya ba shi tauraro, daga ɗaya zuwa biyar. Biyar shi ne gangariya, ɗaya kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta. Ga kuma tuta iri biyu: fara ta hoton da ka zaɓa, baƙa ta wanda ka yar. In ka gama, sai ka umarci na'ura ta nuna maka masu taurari biyar kaɗai, nan take ta ɓoye sauran. Na kira matata na nuna mata.

"Kin ga wannan? Ko hoto dubu ne, zan tace shi kafin ruwan shayinki ya tafasa."

Ta leƙa, ta dube ni. "In dai tacewa ka iya, Maigida, ga shinkafa can a tire tana jiran mai tsince mata tsakuwa."

Ban kula ta ba. Duk wani gwani da ka ji labarinsa, daga gidansa aka fara raina shi.

Surukina, wanda duk muke kira Baba, hedimasta ne, mutum mai tabarau a kan karan hanci da ido a saman tabarau. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa kirana da wani suna ba sai "mijin wannan". Da lokacin ritayarsa ya zo, makaranta da dangi suka haɗu za su yi masa taron ban kwana a zauren makarantar. Aka kira zaman shawara a falonsa. Ana cikin rabon aiki sai yayan matata, wanda muke kira Yaya, mai sayar da abincin kaji, ya ce a ɗauko mai hoton bakin kasuwa.

Na yi gyaran murya. "Haba Yaya, ga ƙoshi ga kwanan yunwa? Ga ni a cikin gida za a je kasuwa?"

"Kai da ka gyara mana famfo?"

"Famfo daban, hoto daban."

A nan na miƙe na zuba musu shirin. Zan bi Baba makonsa na ƙarshe a makaranta ina ɗauka, in ɗauki dangi ranar da za a ci abinci tare a gida, sa'an nan ranar taro a haska hotunan a bango da majigi, zallar masu taurari biyar. Na yi bayanin taurari, na yi na tutoci, na sake na taurari don na ga kamar Kawu, wato kawun matata, bai gane ba, ashe barci yake.

Akwai wani shago da ba kowa a ciki a jikin gidan Baba, yana kallon titi. Ni da Yaya mun daɗe muna zagaya shi kamar kuliyoyi biyu da kifi ɗaya. Ni ina son in buɗe wurin ɗaukar hoto, shi yana son ya zuba buhunansa. Baba ya san da haka sarai. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Mijin wannan, in ka yi abin kirki, shagon nan naka ne. In kuwa ka yi abin da ka saba, Yayanku ya zuba dusarsa."

A hanyar komawa gida matata ta riƙe mini hannun riga. "Shekara da shekaru ina tsaya maka a gaban Baba, ina cewa ba a fahimce ka ba ne. Don Allah kada ka kwance mini zane a kasuwa."

"Na sani."

"Ai abin da nake tsoro ke nan."

Aikin ɗauka kam na yi shi da zuciya ɗaya. Na gano cewa in ka danne maɓallin kyamara ba ka ɗaga yatsa ba, tana ta harbawa kamar keken ɗinki, to ni kuwa ban ɗaga ba. Na hau tebur, na kwanta a ƙasa, na shiga taron malamai ba a gayyace ni ba, na bi Baba har ƙofar bayi sai da ya juyo ya dube ni. Ranar cin abincin dangi kuwa babu lomar da ta shiga bakin wani ba tare da shaidata ba. Da na gama na kwashe komai na zuba a kwamfuta, sa'an nan na goge katin kyamarar tas a gaban maƙwabcina Tela, ina ce masa, "Ƙwararre ba ya kwana da kaya a kati."

Maimakon in yi aikin tacewa a ɗaki, sai na fitar da benci ƙofar gida, kusa da shagon Tela. Na ce wa matata hasken ɗaki bai isa ba. Gaskiyar magana, mene ne amfanin gwaninta in ba wanda ya gani? Kafin a jima Tela ya bar kekensa, mai aski ya bar wani da rabin kai, mai shayi ya zo da butarsa a hannu. Ni kuwa ina ta danna lambobi ina hukunci kamar alƙali.

"Wannan uku. Wannan biyar. Wannan ɗaya, a haɗa masa da baƙar tuta."

Tela ya kawo fuska kusa. "Tsaya. Wannan ba gwaggon matarka ba ce?"

"Ita ce."

"Ɗaya ka ba ta?"

"Dubi hoton mana. Ido a rufe, baki a buɗe, ga cinyar kaza a tsakani. Ko ɗayan ma alfarma na yi mata."

Suka fashe da dariya, ni kuma na ƙara gyara zama. Abin da na manta shi ne Tela ke yi wa Gwaggo ɗinki, kuma duk unguwa an san shi yana kalmasa bakin kowace riga amma nasa bakin ba a taɓa kalmasa shi ba.

Washegari da hantsi ina kan benci sai na ga inuwar lema ta rufe mini allon kwamfuta. Na ɗaga kai, Gwaggo ce. Ita ta goyi matata, kuma muryarta ba ta taɓa buƙatar lasifika ba. Na zame ƙasa na durƙusa ina gaisuwa.

"Kai ne mai raba taurari?"

"Gwaggo, ai aiki ne na..."

"Sama cike take da taurari, Allah bai hana kowa kallo ba, kai kuma da ka samu naka ka ƙirga mini ɗaya? Ɗaya tal? A bayan nan na goyi matarka, har yau ƙuguna bai koma daidai ba!"

Mutane suka fara taruwa. Tela ya sunkuyar da kai yana ɗinka abin da babu zare a ciki. Gumi ya karyo mini. Amma in Allah ya hana mutum hankali, yakan bar masa baki.

Na ce, "Gwaggo, in tambaye ku. A makarantar Baba, yaron da ya zo na ɗaya da wanda ya zo na biyar, wa ake ba kyauta?"

Ta ce, "Na ɗaya mana."

"To ai shi ke nan. Ku kuka zo na ɗaya a duk dangin."

Ta sauke lemar a hankali. Ta dubi allon, ta dubi jama'a. "To matar Yayanku fa, nawa ta samu?"

Matar Yaya ta ci kwalliya a ranar, hotunanta sun fito ƙwarai, na kuwa ba ta haƙƙinta. Na ce, "Biyar, Gwaggo."

"Allah mai iko," in ji Gwaggo. "Ashe na'urar nan tana da hankali." Ta sa mini albarka ta buɗe lemarta ta tafi, tana tafe tana rangaji.

Na dubi Tela na ce, "Ka ga yadda ake yi?" Ya ce ya gani, kuma zai zo ya ga sauran.

Sauran bai daɗe ba. Da la'asar sai ga matar Yaya, Yaya yana biye da ita yana murmushin da na san ma'anarsa: yana auna buhu nawa shagon zai ci.

"Ni ce ta biyar?" Ko sallama ba ta yi ba. "Gwaggo ta bi gida gida tana cewa na'ura ta auna mu ta ce ni ce kurar baya! Wuni na yi a wurin gyaran gashi saboda hoton nan!"

"Ai ba haka ba ne, biyar ɗin nan..."

"Biyar ɗin me?" in ji Yaya. "Yi mana bayani, gwani. Ɗaya ce babba ko biyar? In biyar ce, sai in je in gaya wa Gwaggo yanzu."

Na hango lemar nan a zuciyata. Na ce, "Ɗaya ce babba. Yatsana ne ya zame." A gabansu na mayar da kyawawan hotunanta tauraro ɗaya. Ta duba da kyau, ta ce in ƙara danna shi don ya zauna.

Daga nan kuma sai ƙofa ta buɗe. Duk wanda ya ji labari sai ya zo ya duba matsayinsa. Ƙannen matata, 'ya'yan Kawu, har da wata da ban san ta ba wadda ta ce ita ce ta kawo kujeru. Kowa ɗaya yake so. Da na ga abin zai rikice, sai wata dabara ta zo mini wadda har yau nake ganin ba laifinta ba ne. Na ce to, tun da jama'a sun juya lissafi, ni ma bari in juya. Na zauna na bi hotunan kaf: duk mai kyau na ba shi tauraro ɗaya, duk mummuna na ɗora masa biyar. Kowa ya zo ya ga kyakkyawan hotonsa da ɗaya, ya tafi yana yabona.

Ina murna na huta sai ga Kawu da sandarsa. Shi bai damu da taurari ba. Abin da idonsa ya faɗa a kai wani hotonsa ne da na ɗauka daga ƙasa, ba abin da ya fito sai ƙofofin hanci, da 'yar baƙar tuta a kusurwa.

"Wannan baƙin abin da ka kafa mini a ka fa?"

"Tuta ce, Kawu. Alama ce kawai ta..."

"Baƙar tuta? A kaina? Likita ya ce mini da saura, kai ka riga ka yanke? Me na tare maka a duniya?"

Ya zauna a kan bencina ya ce ba zai tashi ba sai an sauke ta. Na sauke. Ya ce in duba ko na kafa wa wani a dangi. Haka na bi duk munanan hotunan ina cire musu baƙar tuta ina sa fara, shi kuma yana tsaye a kaina yana cewa "Madalla" ga kowane.

Matsalar da ta rage ita ce masu zuwa gyara. Wannan ya ce a cire hoton da ya tsaya kusa da wane, wancan ya ce a sa nasa a farko, wata ta kai hannu za ta danna da kanta. Hotunan da na ware domin Baba kuwa, wallahi akwai na gani na faɗa a ciki. Akwai wanda yake tsaye a ƙofar aji yara sun kewaye shi, akwai wanda yake rufe ofishinsa yana waiwaye, har da guda wanda yake dariya, abin da 'ya'yansa suka ce ba su taɓa gani da rana ba. Na ji tsoron kada wani ya ɓata mini su. Sai na lura cewa tun maganar Kawu ba mai son ko kallon baƙar tuta. Na ce ga maɓoya ta samu. Na tattara duk kyawawan hotunan, na Baba da na dangi, na kafa musu baƙar tuta, na umarci na'ura ta ɓoye su.

Matata tana tsaye da tsintsiya tana saurarona ina yabon kaina. Ta ce, "Bari in gane. Mai kyau shi ne ɗaya, mummuna biyar. Wanda kake so ka sa masa alamar yarwa, wanda ba ka so ka sa masa alamar zaɓa."

"Kin ga kin gane. Ɓarawo ba ya neman zinariya a kwandon shara."

"Ɓarawo kam ba ya nema. Amma mai shara yana zubarwa. Za ka tuna duk wannan?"

Na ƙwanƙwasa goshina. "Wannan ya fi kwamfutar."

"Ita ma ai tsohuwa ce," in ji ta, ta ci gaba da shararta.

Ranar taro zauren makaranta ya cika har tagogi. Malamai a gefe, iyayen yara a baya, yara a zaune a ƙasa, dangi a sahun gaba. A babban tebur ga Baba, kusa da shi ga babban baƙo, sufeton makarantu, wani mai tumbi da hula a karkace wanda ko tari ya yi sai malamai sun gyara zama. Ni kuwa na sha wata riga mai aljihu barkatai irin ta masu hoto, ko wane aljihu babu komai a ciki.

Aka yi jawabai, aka ba da kyaututtuka, sa'an nan malamin wasanni, wanda ke gabatar da taro, ya ce lokacin hotuna ya yi. Na haɗa kwamfuta da majigin makaranta. Duk abin da ke kan allona ya fito a bango ƙato, kowa yana gani. Na danna. Shiru. Na sake dannawa. Wani ɗan zobe ya fito yana ta juyawa, sa'an nan rubutu ya bayyana cewa wuri ya cika maƙil, na'ura ba ta iya motsi.

Yara suka fara ƙus-ƙus. Yaya ya ɗaga murya daga sahun gaba, "Ko a aika bakin kasuwa? Bai rufe ba tukuna."

Jinina ya hau. A nan ne na tuna wani bidiyo da na kalla har rabi, inda mai koyarwa ya ce in kaya sun yi yawa, akwai umarni guda da ke share duk hotunan da aka yar. Na karɓi makirfo daga hannun malamin wasanni.

"Jama'a, a kwantar da hankali. Wannan shi muke kira tsaftace aiki. Duk hoton da ke da baƙar tuta shara ne, yanzu za ku ga yadda ƙwararru ke zubar da shara."

Na danna umarnin. Na'ura ta fito da tambaya a bango. Malamin lissafi, wanda ke kusa da ni, ya ce, "Malam, ka karanta abin da take tambaya, kamar cewa take har abada..."

"Na sani."

Can a sahun mata na hango matata ta miƙe tsaye tana kaɗa hannu biyu a sama. Raina ya yi fari. Na ce yau dai ta yarda da ni, har tana yi mini kirari a bainar jama'a. Na ɗaga mata hannu, na danna "E". Don kada a ce na yi rabin aiki, na bi har kwandon shara na kwamfutar na zazzage shi. Nan da nan na'ura ta saki jiki, ta yi sauƙi kamar an sauke wa jaki kaya. Wasu ma suka tafa.

Malamin wasanni ya karɓi makirfo. "To jama'a, kamar yadda aka yi mana alkawari, ga hotunan maigidanmu, zallar masu taurari biyar!"

Tafi ya ɗauke ni. Yatsana ya tafi kan biyar da kansa, na kunna su su riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, na juya ina fuskantar jama'a da murmushi, don in ga fuskokinsu.

Na kuwa gani. Sai wani yaro a gaba ya ce, "Kogo!" Na waiwaya. Ƙofofin hancin Kawu ne, kowace ta isa mutum ya shiga da keke.

Kafin in motsa hoton ya wuce, Gwaggo ta cika bango, ido a rufe, cinyar kaza a baki, ga taurari biyar reras a ƙasa suna ƙyalli. Gwaggo ta miƙe. Ba kazar ce ta dame ta ba.

"Biyar? Ni da na zo ta ɗaya? Yaushe aka sauke ni?"

Matar Yaya ta fara dariya har da riƙe ciki, sai ga ta ita ma a bango tana hamma, har ana hango abin da ta ci jiya. Dariyar ta maƙale mata. Daga nan sai suka riƙa zubowa: Yaya yana sakace haƙori da murfin biro, malamin wasanni yana gyara wando, ƙeyar Baba, gwiwar Baba, rabin kunnen Baba, ƙofar bayi. Yara suna birgima a ƙasa. Ina ta danne-danne ina neman tsayarwa.

Sai ga sufeto. A taron malamai na ɗauke shi, lokacin da Baba ke jawabin ban kwana. Ya kwantar da kai a kafaɗa, hula ta zamo kan hanci, baki a sake, har da ɗan yawu. Wannan karon na yi nasarar tsayar da hoton, amma a kansa. Na danna wani maɓalli don in kawar da shi, ashe na ƙara girma ne. Bakin sufeto ya cika bangon daga kusurwa zuwa kusurwa. Malamai suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu suna rawa. Sufeto na gaske ya cire hularsa ya sake sawa, ya sake cirewa.

A nan ƙwaƙwalwar da ta fi kwamfuta ta farka. Na yi ihu a makirfo, "Kuskure ne! Ɗaya ce babba! Ɗaya!" Na danna tauraro ɗaya. Bango ya yi fari fat, da ɗan rubutu a tsakiya: babu hoto. Na nemi masu baƙar tuta. Babu. Na buɗe kwandon shara, na same shi a wanke kamar yadda na bar shi. Na laluba kyamara, sai muryar Tela ta taso daga can baya, "Ƙwararre ba ya kwana da kaya a kati!"

Na koma kan biyar, ko Allah zai sa wani na kirki ya ɓuya a ciki. Akwai kuwa waɗanda suka ɓuya. Ranar da na sayi kyamara na gwada ta a gaban madubin ɗakinmu, daga ni sai rigar nan mai aljihu a kan tumbi tsirara, ina ɗaga gira, ina tura baki, ina riƙe haɓa kamar mai tunanin duniya. Tun ranar na ba su taurari biyar, kuma su kaɗai ne ban juya ba, domin hannuna ya ƙi ba ni ɗaya. Suka shiga wucewa a jere, kowanne ya fi na baya. Har sufeto sai da ya yi dariya. Na yi tsalle zan rufe majigin da jikina, sai cibiyata ta hoto ta sauka a kan goshina na gaske. Ƙafata ta harɗe da waya, komai ya mutu, ni kuma na zauna a cikin tiren lemo.

Da hayaniya ta lafa, Baba ya miƙe ya karɓi makirfo. Bai ɗaga murya ba.

"Na gode wa kowa. Mijin wannan."

"Na'am, Baba."

"Na ƙare aikina ina duba jarrabawa, ban taɓa ba yaro sifili ba, ko don ya rubuta sunansa nakan ba shi wani abu. Na'urar taka tana da sifili?"

"Tana da shi, Baba."

"To a yi amfani da shi."

Kafin mako ya zagayo buhunan dusa sun cika shagon har rufi. Yaya da kansa ya roƙe ni in taya shi saukewa, wai tun da ina da riga mai aljihu. Matata kuwa ta daina yi mini magana sai ta bakin yara. Na mayar da benci cikin gida, na gano ashe hasken ɗaki ya isa.

Ina zaune wata rana da yamma sai ga Gwaggo, ba lema, ba hayaniya. Ta leƙa hagu da dama ta rage murya. "Hoton nan na matar Yayanku da take hamma, yana nan?" Na ce yana nan. Ta ce a wanke mata guda, ɗan daidai jaka. Kwana biyu a tsakani matar Yaya ta aiko a asirce tana son na cinyar kaza. 'Ya'yan Kawu suka zo neman na hanci. Babu wanda ya nemi nasa.

Sa'an nan Baba ya aiko kirana. Na tafi ina salati a hanya. Na same shi shi kaɗai a falo, ya ce in turo ƙofa. Na durƙusa ina shirin ba da haƙuri karo na ban san adadi ba. Ya cire tabarau ya goge, abin da ban taɓa ganin ya yi a gabana ba.

"Sufeton nan," in ji shi, "tun da na zama hedimasta yake rubuta rahoto a kaina. Kowace shekara magana ɗaya: wai malamaina suna barci a bakin aiki." Gefen bakinsa ya motsa. "Hoton nan nasa bai shiga sharar taka ba?"

"Yana nan, Baba. Taurari biyar."

"A wanke mini shi. Babba. A sa masa gilashi."

Na ga ƙofa ta ɗan buɗu, na ce bari in gwada sa ƙafa. "To Baba, maganar shagon fa?"

Ya mayar da tabarau, ido ya koma samansa. "Shago na kaji ne. Tashi ka tafi, kuma in Tela ya ji, kai da 'yata sai a hoto."

Hoton yana nan rataye a bayan ƙofar ɗakin kwanan Baba, inda ba mai ganinsa sai an rufe ƙofa. Surukata ta ce kullum da safe sai ta ji shi yana dariya shi kaɗai kafin ya fito da fuskarsa ta kullum. Ni kuwa duk wanda ya tambaye ni ko na iya hoto, nakan gaya masa cewa aikina yana rataye a gidan hedimasta guda, cikin gilashi, kuma shi da kansa ya nema. In mutum ya ce hoton wa, sai in ce masa ana kirana a waya.